Semina kan haɗa ƙwaƙwalwa da kwamfuta: wane masani zan ɗauka?

Ɗan Dundaye:
Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka min, an ba ni semina nan Danfodiyo kan wanga abu da ake ce ma BCI, wato haɗa ƙwaƙwalwar mutum da kwamfuta, malamin ya ce in ɗauki masani guda in nuna tasirin binciken shi da waɗanda sunka yi aiki tare. Duk wanda na tambaya a hostel sai ya ce min Elon Musk. To shi zan ɗauka ko akwai wani? Kuma shi tasirin nan da mi ake auna shi?

Injiniyan Mabera:
Wa alaikumus salam. Ƙanena rabu da Musk, shi mai kamfani ne, kamfanin shi Neuralink sai a Janairun 2024 sunka fara dasa ma mutum na'urarsu, alhali tun 2004 anka yi wannan. Ɗauki John Donoghue na jami'ar Brown a Amurka, shi ya jagoranci aikin BrainGate, gwajin dasa irin wagga na'ura a ƙwaƙwalwar mutane. Mutumin farko wani matashi ne da anka soka ma wuƙa a wuya jikinsa ya shanye, sunka dasa mishi wani ɗan faranti mai kamar milimita 4, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, da ƙananan allurai kusan 100 a ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke kula da motsin hannu, in ya yi niyyar motsa hannu allurorin su ɗauko siginar kwamfuta ta fassara, har yana motsa kibiyar linzami ya buɗe imel ya canza tashar talabijin. A 2006 rahoton aikin ya fito a mujallar Nature.

Abin da zai burge malaminka shi ne ka nuna cewa ko farantin ba Donoghue ya ƙera shi ba, Richard Normann ne a jami'ar Utah. Sannan kamfanin da sunka kafa, Cyberkinetics, bai ɗore ba, amma aikin bai mutu ba don Leigh Hochberg, likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Massachusetts General, ya ci gaba da gwajin daga 2009. A 2012 wata mata da shanyewar jiki ta kwantar kusan shekara 15 ta sarrafa hannun robot ta ɗauko kwalbar kofi ta kai bakinta ta sha, kuma hannun nan daga cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ya fito. Ka ga mutum nawa ke nan a aiki guda.

Malama Arkilla:
Kan batun aunawa, kowa zai ce maka ka shiga Google Scholar ka duba sau nawa anka ambaci takardun shi da h-index, wato ma'aunin da ke haɗa yawan takardun mutum da yawan ambaton su. Ka sa su don za a tambaye ka, amma kar ka tsaya nan, lissafin nan yana son tsoho, wanda ya daɗe a fage dole ya fi tarawa. Ni abin da nake dubawa shi ne mi ya biyo bayan aikin. Misali a 2017 tawagar jami'ar Case Western da ke cikin BrainGate sun haɗa siginar da wayoyin da ke motsa tsokar hannu, mutumin da ya shanye ya ci abinci da hannun kanshi, ba na robot ba, kuma sunan farko a takardar Bolu Ajiboye ne, ka ji suna irin na gida. A 2021 na jami'ar Stanford, su Frank Willett da Krishna Shenoy da Jaimie Henderson, sun sa mutum ya riƙa raya rubutun hannu a ransa kwamfuta na fitar da haruffa 90 a minti. Kuma ka lura da jerin sunaye, a irin takardun nan na farko shi ya yi wahalar aikin, babban malami galibi yana ƙarshe, ɗalibai da yawa nan suke ruɗewa.

Abu Sadiq Runjin Sambo:
Malama duk na ji, amma fa mu faɗi gaskiya, shekara 20 ana abu har yau galibi gwaji ne, da wuya mutum ya je asibiti a rubuta mishi shi kamar magani. Mu nan masu shanyewar ɓarin jiki da 'yan haɗarin kabu-kabu sun cika gari, kuɗin gashi ma aiki ne. Kuma na'urorin da ke maida tunani magana galibi da Turanci anka horar da su, wa zai tara musu Hausa, balle Sakkwatanci?

Injiniyan Mabera:
Gaskiyarka Abu Sadiq, ya sa wannan a ƙarshen seminar ma. Amma Ɗan Dundaye tunda akwai cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa a UDUTH, asibitin koyarwa na Danfodiyo, ka daure ka leƙa ka tambayi wani likita mi za a buƙata kafin a iya irin haka nan, amsar shi ta fi duk abin da za ka kwafo a intanet.

Ɗan Dundaye:
Allah shi saka da alheri. Malama in babu damuwa zan turo miki silaid ɗin ki duba min kafin Litinin.