Wace kalma za ta tsaya a madadin "garbage collection" a ma'adanar filash?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu fassara da masu koyar da kwamfuta da Hausa. Ina cikin shirya darasi a kan SSD, wato ma'adanar filash da ta maye gurbin faifai mai juyawa a yawancin kwamfutocin yanzu, sai na ci karo da aikin da Turawa ke kira "garbage collection". Fassarar da ke fara zuwa baki ita ce "kwashe shara", ita na fara rubutawa ma, amma da na zo bayyana yadda aikin yake gudana sai na ga kalmar tana jan mai karatu zuwa akasin abin da ke faruwa. Wasu daga cikinku sun riga sun ba ni shawarwari a kan kalmar, zan amsa su a ƙasa.

Dole in fara da halin filash kanta. An kasa ta shafi-shafi, kowane shafi yana ɗaukar kilobait 4 zuwa 16, shafuka ɗaruruwa kuma su ke haɗuwa su zama abin da zan kira kundi. Ana rubutu a shafi ɗaya-ɗaya, amma ba a sake rubutu a kan shafin da ke ɗauke da rubutu sai an goge shi, kuma ba a gogewa sai kundi sukutum. Wanda ya yi makarantar allo ya san irin wannan: tawada ba ta hawa kan tawada a karantu, kuma ran da malam ya ce a wanke, fuskar allon gaba ɗaya ake wankewa. Sunan filash ma daga wannan gogewa ya fito. Fujio Masuoka ne ya ƙirƙiro ta a kamfanin Toshiba na Japan, ya gabatar da nau'in farko a 1984, sannan nau'in NAND da ake yin SSD da shi a 1987, wani abokin aikinsa kuma ya kwatanta yadda ake shafe rubutu mai yawa a lokaci guda da walƙiyar fitilar kyamara.

Saboda haka, idan mutum ya gyara takarda ya sake adana ta, 'yar ƙwaƙwalwar da ke cikin SSD ba ta komawa tsohon shafin. Wani shafi fari take nema ta rubuta sabon, sannan ta shigar a jadawalinta cewa tsohon ya mutu. A kwana a tashi kowane kundi sai ya cakuɗe da shafuka rayayyu da matattu, fararen shafuka su yi ta raguwa. A nan aikin da muke nema wa suna yake shigowa: ƙwaƙwalwar takan zaɓi kundin da matattu suka fi yawa a cikinsa, ta kwafe rayayyun zuwa wani wuri, ta goge kundin duka, ta mayar da shi cikin waɗanda ke jiran rubutu.

To ga aibin "kwashe shara". Mai shara yakan ɗauki datti ya fita da shi ya bar kayan kirki a inda suke. A filash kuwa kayan kirkin ake kwashewa, sharar ba ta motsawa ko taku ɗaya, a inda take ake hallaka ta. Ɗalibin da aka koya masa "kwashe shara" zai zaci yawan matattun shafuka shi ke wahalar da na'ura, alhali yawan rayayyu ne. A ɗauki kundi mai shafi 256. Idan 200 sun mutu, kwafe 56 kawai za a yi a sami gurbin 200. Idan kuwa 200 ne ke da rai, sai an kwafe dukkan 200 ɗin kafin a sami gurbin 56, wato na'ura ta yi rubutu 256 domin mai ita ya adana 56, fiye da ninki huɗu da rabi. Tun da kowane kundi yana da iyakar gogewar da zai jure, wadda a filash ɗin kwamfutocin gida ba ta wuce 'yan dubbai ba, wannan ƙarin rubutu yana cin rayuwar na'urar, yana kuma cikin dalilan da SSD ke yin nauyi idan ta kusa cika.

Su kansu masu kalmar aro suka yi. John McCarthy ne ya fito da ita a jami'ar MIT ta Amurka wajen 1959 domin harshen shirya manhaja na Lisp, inda ake nufin gano guraben da manhaja ta daina amfani da su. A maƙalarsa ta 1960 ma bai rubuta ta ba, wata kalma mai ma'anar maido da gurbi ya yi amfani da ita, daga baya ya bayyana cewa tun a lokacin da sunan shara suke kiran aikin a tsakaninsu. Faransawa kuma, kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi karatu da harshen suka sani, "ramasse-miettes" suke cewa, wato mai tsince ɓurɓushin abinci. Tun da su ba su ga tilas su bi sawun Ingilishi ba, ban ga abin da zai tilasta mana ba.

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, na karanta shawararka ta "wankin allo", kuma a wajen bayani babu misalin da ya kai ta, shi ya sa na ara a sama. Abin da ya hana ni ɗaukar ta a matsayin suna shi ne "allo" ya riga ya zama fuskar waya da ta kwamfuta a bakin jama'a, wanda ya ga "wankin allo" a littafin kwamfuta zai tashi neman tsumma ne. Bayan haka, wanki rabin aikin ne kawai, shi ne gogewar kundi, bai ƙunshi dalilin da ya sa ake yin sa ba.

Malama, shawararki ta "fansar gurbi" ta fi ba ni wahalar ajiyewa, domin ta kama abin da sauran suka rasa: gurbin naka ne, amma sai ka biya kafin ya dawo hannunka, kamar gonar da aka jinginar, biyan kuwa shi ne kwafe rayayyun shafuka. Sai dai kin san abin da "fansa" ke tuna wa mutanenmu a 'yan shekarun nan, ba na so yaro ya buɗe darasin kwamfuta ya ci karo da kalmar da ya saba jin ta tare da "kuɗin" a gabanta.

Abin da nake gabatarwa shi ne "yasa", irin yasar rijiya. Rijiya ba ta lalace ba, laka ce ta taru a gindinta ta cinye wurin ruwa. Masu yasa sukan fara janye ruwan da ya rage, ɗaya ya sauka da igiya a ƙugu, a riƙa fito da taɓo guga-guga, kuma ba don a tsabtace unguwa ake yi ba, don rijiyar ta koma ɗaukar abin da take ɗauka ne. Aiki ne da ake maimaitawa muddin ana shan rijiyar, an kuma fi yin sa da rani lokacin da ruwa ya ja baya, kamar yadda SSD ta fi son yin nata sa'ad da ba a matsa mata da rubutu ba. Na yarda kwatancin bai cika ba, domin a rijiya ana fitar da laka, a filash ba a fitar da komai. Amma kalmar tana ɗora hankali a kan dawo da cin mazubi, kuma tana juyuwa yadda aiki yake so: na'ura tana yasa, an yashe kundi, yasar ta yi tsada.

Inda kalmar ta fi yi mini amfani shi ne a manyan rumbunan bayanai, inda ake ɗora filash a gaban faifai masu juyawa ta zama ma'ajin kusa, irin aikin da manhajar bcache ke yi a babbar manhajar Linux tun 2013, ko L2ARC, ma'ajin kusa na tsarin adana fayiloli na ZFS. Dangantakar kamar ta kanta da sito ce a wurin mai shago: abin da ake yawan tambaya yana kanta, sauran yana sito. A nan ayyuka biyu ne da bai kamata suna ɗaya ya haɗa su ba. Na farko shi ne manhaja ta yanke cewa wani bayani ya daɗe ba a neme shi ba, ya sauka daga kanta. Wannan "sallama" nake kiran sa. Na biyu shi ne yasar da ke mayar da gurbin ya zama fari. Abin sha'awa shi ne sallama tana rage tsadar yasa, domin bayanin da ke da kwafi a faifai ba sai an kwafe shi ba ko da yana raye, ana iya barin gogewa ta tafi da shi, in an sake nema a ɗauko daga sito. L2ARC ma haka yake yi, zagaye yake rubutu, idan ya kai ƙarshen na'ura ya dawo farko ya hau kan mafi tsufa, ba ya tsayawa ceton kowa. Wanda ba a wasa da shi shi ne bayanin da aka karɓa a filash ba a kai ga sauke shi a faifai ba. Turawa mai datti suke ce masa, wanda idan aka haɗa shi da "kwashe shara" a jimla ɗaya sai ɗalibi ya zaci shi ne abin zubarwa, alhali shi kaɗai ne in ya ɓace ya ɓace ke nan. Ni "tilo" zan ce, wanda ke da kwafi a faifai kuma "mai madadi".

Sauran kalmomin da ke rataye da wannan ba su ba ni wahala ba. Umarnin TRIM, wanda Windows 7 ta fara aikawa a 2009, "sanarwar saki" ce, domin da shi kwamfuta ke gaya wa SSD cewa shafukan fayil ɗin da aka goge sun mutu, kada ta wahala tana kwafe gawa. Gurbin da masana'anta ke ɓoyewa don yasa ta sami wurin juyawa, kimanin kashi 7 cikin 100 a na gida, har 28 a wasu na manyan rumbuna, "rarar gurbi" ce. Ƙarin rubutun da na lissafa a sama kuma "ninkin rubutu".

Ɗan'uwan da ya ja hankalina ga matsalar rubutu ya yi gaskiya, domin mutane da yawa suna haɗe "ya sa" su rubuta "yasa", ga kuma "yasar da" mai ma'anar jefarwa, tun da boko ba ya nuna karin sauti. Maganin da na gani shi ne kada kalmar ta tsaya ita kaɗai a kanun darasi, a riƙa cewa "yasar kundi" ko "yasar filash", rashin "da" a bayanta ya isa ya raba ta da jefarwa. Ga yadda jimlar ta zauna a darasin yanzu: "Idan fararen kundaye suka yi ƙaranci, ma'ajin kusa yakan sauke bayanai tilo a faifai, ya sallami masu madadi, sannan ya yashe kundin." Kalmar "kundi" ce har yanzu nake sauraron ra'ayinku a kanta, domin wasu masu fassara sun riga sun ba ta aikin jakar fayiloli.