Ciwon sukari na masu ciki: hura da tuwon hatsi fa, a bar su ne?

Mai ciki daga Zango:
Assalamu alaikum. Cikina wata bakwai ne. A wurin awo an ba ni ruwan sukari na sha, sakamako ya fito 0,98 kafin in ci komai, 1,62 bayan awa biyu. An ce in gyara cimata. To mu nan Damagaram hatsi ne safe da dare. Wasu sun ce in bar hura da tuwo, in koma ganye zalla. Haka ne?

Ungozoma:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sauke ki lafiya. Wannan awon ana yin sa tsakanin sati 24 da 28, da gram 75 na sukari. Iyakarsa 0,92 g/L (gram na sukari a litar jini) da yunwa, 1,80 bayan awa ɗaya, 1,53 bayan awa biyu; ko ɗaya aka kai ya isa a ce akwai ciwon sukari na masu ciki. Mabiyiya ce ke fitar da sinadarai masu hana insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, aiki sosai, shi ya sa abin kan ƙaru yayin da ciki ke tsufa.

Kada ki koma ganye zalla. Mai ciki tana buƙatar aƙalla gram 175 na sitaci da dangoginsa a cikin abincinta a rana, in ta gaza haka jiki ya shiga ƙona kitse, abin da ba a so ga ɗan ciki. Rabawa za ki yi: cin abinci uku, ƴar ƙwalama biyu ko uku a tsakani. Tuwo malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunki, miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa da yawa, da nama, kifi ko ƙwai. Ki fara da ganye da nama kafin ki taɓa tuwon. Shinkafa kuwa kada ta zo ita kaɗai: wake ya fi ta yawa a kwanon.

Hura ce matsalar. Hatsin ya daku, ya dahu, an dama shi da ruwa, ga sukari a kai, sai ya shiga jini da sauri, kuma ba wanda ke ƙirga ludayi. Ni dai shawarata ki ajiye ta sai kin haihu. Haka koko da kunu da safe, domin da safe ne jiki ya fi gardama da sitaci. Ƙwai biyu da ɗan guntun burodi, ko ƙosai huɗu da kwaɗon zogala, sun fi miki.

Ma'aikacin lafiya:
Gaskiya ne Hajiya, sai dai a kan hura ban tafi da ke duka ba. In aka ce wa macen Damagaram ta bari gaba ɗaya, a ɓoye za ta sha, cike da ƙwarya. Gara a ba ta ma'auni: rabin curi ƙarami, nono mai kauri ya rinjaye shi, ba sukari, ba zuma, da rana, kuma a matsayin abincin lokacin, ba ƙari bayan tuwo ba. Nonon ya zama na madarar da aka tafasa kafin ta yi tsami.

Na'urar awon sukarin jini ce za ta raba gardama. Malama, ki auna sau huɗu a rana: da asuba kafin ki ci komai, a so shi ƙasa da 0,95, sai awa biyu da fara kowane cin abinci, ƙasa da 1,20. Ki rubuta abin da kika ci a gefen lambar. In lambar ta haura iyaka sau biyu bayan shan hura, to hura ta fita. Ki wanke hannu ki bushe shi kafin ki huda yatsa. Ragowar mangwaro ko dabino a fata kan ba da lamba ta ƙarya. Tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci, ko a tsakar gida, tana sauke lambar. In ta asuba ce ke hawa, kada ki kwana da yunwa: gyaɗa cikin tafi ɗaya ko ɗan cuku kafin barci.

In an yi sati ɗaya zuwa biyu lambobi ba su sauka ba, sai likita ya sa insulin. Ba ya ratsa mabiyiya. Sukarin da aka bari shi ke ratsawa, ɗa ya wuce kilo 4, kafaɗa ta maƙale wurin haihuwa, ko sukarinsa ya faɗi bayan an yanke cibiya.

Uwargida daga Birni:
Ku ƙara mata da abin sha, nan ake zamewa. Kwalbar lemo ta santilita 33 tana ɗauke da wajen gram 35 na sukari, ƙwaya bakwai ke nan. Zoɓo da ruwan tsamiya na ƙulli su ma haka, sai in ita ta haɗa ba sukari. Shayi kuma, ban da zaƙinsa, yana rage amfanin ƙwayar ƙarin jini in an sha su tare. Alkaki da fanke na wurin biki, a yi haƙuri. Lemun zaƙi ɗaya ko gwaiba ɗaya, a tauna, kada a matse. Salati, kabeji da tumatir na Mirriya suna nan a kasuwar Dole, a wanke su sosai. Jiƙe-jiƙen da ake cewa suna kashe sukari kuwa, kada ki sha da ciki.

Ungozoma:
Na yarda da rabin curin in tana da na'ura. Ƙanwata, bayan haihuwa ki koma awon sukari tsakanin sati 6 da 12 ko da kina jin garau, sannan ki riƙa maimaitawa duk shekara ɗaya zuwa uku. In kuma kika ji motsin ɗa ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ki tafi asibiti a ranar, kada ki jira ranar awo.