Neman Sawun Kakan da Ya Tafi Soja

Bayan la'asar muka zauna a Maiwurno da ke ƙasar Sudan, wani matashi ya fito da tsohuwar takardar sallama ta kakansa, duk ta yi ja, gara ta ci gefenta. Ƙanin kakan ne ake nema, wanda ya tafi yaƙin duniya na biyu bai dawo ba.

Dattawa suka ce a fara da lambar soja, domin suna kaɗai yaudara ne. Turawa kan rubuta mutum da sunan garinsu, Musa Kano ko Garba Sakkwato, kuma harufan kan sauya. Sai a tantance rundunar. In a Sudan ya shiga, rundunar tsaron Sudan ce da aka kafa a 1925, wadda ta yi yaƙi a garin Keren na Eritriya a 1941. In daga Najeriya ne, wataƙila ƙasar Burma aka kai shi, sai a nemi ma'ajiyar tarihi ta Kaduna.

Hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel tana da sunaye a intanet, har da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Jami'ar Durham a Ingila ma tana ajiye takardun Sudan.

Wata gwaggo ta ce, "Ɗana, fara tambayar tsofaffin gida tukuna." Ni ma nan na fi karkata. Tun a daren ya je wurin kakarsa da wayarsa, ya naɗi muryarta.