Dan Allah masu Drools ku taimaka, dokokina sun ƙi tashi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata manhaja nake haɗawa da Java ta ƙungiyar da ke ba mambobinta rance, na rubuta dokokin a Drools, wato injin da ke duba bayanai ya zartar da dokoki a kansu, misali duk wanda ya makara biya sau uku kar a ƙara masa. Na ɗauko mambobin daga database sun zo cikin List, na yi ksession.insert(list) don in miƙa wa injin su, sannan fireAllRules() don dokokin su tashi, wallahi 0 yake dawo min, ko ɗaya ba ta tashi ba, tun bayan isha nake kai har ƙarfe biyun dare. Na biyu, da na gwada da mutum ɗaya ta yi aiki, amma da na canza adadin makararsa da setter sai injin ya yi kamar bai gani ba. Ina na yi kuskure?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa buhu ka miƙa masa a ɗaure. Abu ɗaya yake gani, List, ita kuma dokarka Mamba take nema. Ka yi loop ka zuba su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kalmar from da ake rubutawa a doka ta leƙa cikin List, amma in mambobin da yawa ne gara loop ɗin.

Wata 'yar uwa:
Na biyun kuma ba laifin injin ba ne, ai ba ka faɗa masa ba. Lokacin da ka yi insert yana ba ka FactHandle, wato shaidar abin da ka zuba, ka riƙe shi, in ka canza abu daga waje sai ka kira ksession.update(handle, mamba) ka sake fireAllRules(). In a cikin doka ne ka yi amfani da modify. Amma ka kula, doka na iya canza abin da zai sake tada ta tai ta zagaye ba iyaka, kuma no-loop, wato umarnin hana wannan zagayen, daga kanta kawai yake kare ta, in dokoki biyu ke tada juna ba ruwansa.

Wani dattijon group:
Yaro, in Hibernate kake amfani da shi wajen ɗauko bayanai daga database kar ka zuba entity, wato object ɗin da ya ɗauko maka, kai tsaye, wata rana kuskuren LazyInitializationException zai same ka a tsakiyar doka. Yi ƙaramin class mai ɗauke da abin da dokar ke buƙata kawai, lamba, adadin makara, ragowar bashi. In kana da abin tura saƙo kuwa setGlobal za ka yi masa, ba fact ba ne, wato ba bayanin da dokoki ke dubawa ba ne. Kuma dan Allah in ka gama ka kira dispose() ya rufe session ɗin, ya saki memory! Na taɓa mantawa da shi, server ta cika ta faɗi ranar biyan albashi, da idona na ga mutane a layi suna jira, har yau abin na damuna. In tambaya ɗaya ce amsa ɗaya, StatelessKieSession, wato session ɗin da ba ya riƙe komai in ya gama, ya ishe ka.

Mai tambaya:
Alhamdulillah sun tashi, Allah Ya saka da alheri. Sai dai wani mamban ya fito sau biyu.

'Yar uwar:
Sau biyu ka ɗauko shi kenan, object biyu ne a wajen injin. Ka sa equalsBehavior="equality" a kmodule.xml, fayil ɗin saitin Drools, ka rubuta equals da hashCode a kan lambar mamba.