Babban lauyan soja: alƙali ne ko mai ba kwamanda shawara?

Habibu_Misau:
Assalamu alaikum, manyanmu. Ɗalibin shari'a ne ni a Misau, kuma akwai abin da ya shige mini duhu. Amurka da Ingila duk suna da muƙamin da ake taƙaita sunansa da JAG, wato babban jami'in shari'a na soja. Daga ina muƙamin ya samo asali? Mu a Najeriya wa ke riƙe da makamancinsa? Sannan in aka tuhumi soja, a ce daga barikin Shadawanka da ke Bauchi, a wane mataki hannun wannan ofis ke shiga?

Barista_Wunti:
Wa'alaikumus salam, Malam Habibu. Fara raba na Amurka da na Ingila, domin suna ne kawai ya haɗa su.

Na Amurka soja ne mai kaki. Ranar 29 ga Yuli 1775 majalisar 'yan gwagwarmayar neman 'yanci ta naɗa William Tudor, wani matashin lauya daga Boston, ya kula da shari'o'in rundunar George Washington. Ofishin ya yi ƙarfi a yaƙin basasarsu, zamanin Joseph Holt wanda ya riƙe shi daga 1862 zuwa 1875. Shi ya jagoranci gabatar da ƙara a kan waɗanda suka haɗa baki wajen kashe Shugaba Lincoln a 1865.

Amma abin da ya sauya aikin da gaske ya faru ne a 1917. Bayan tarzomar Houston, kotun soja ta yanke wa sojoji baƙar fata 13 hukuncin kisa, aka rataye su ranar 11 ga Disamba ba tare da wani a Washington ya duba takardun shari'ar ba. A dokar lokacin, sa hannun kwamandan yankin ya wadatar tunda ana cikin yaƙi. Ƙorafin da ya biyo baya ya sa a farkon 1918 aka ba da umarnin cewa kada a sake zartar da hukuncin kisa sai ofishin babban lauya ya tantance shari'ar. Daga nan aka yi ta gyara har aka kai ga kundin shari'ar soja na bai-ɗaya a 1950, wanda ya fara aiki a 1951. Sai a 2023 rundunar ta soke hukuncin da aka yi wa sojoji 110 kan waccan tarzoma ta Houston.

Na Ingila kuwa ya girmi wannan, tun 1666 yake, amma yau farar hula ne, alƙali. A 1948 suka raba aikin biyu: alƙalanci ya zauna a ofishinsa, ba da shawara da shirya tuhuma suka koma hannun lauyoyi masu kaki.

Manjo_Murabus_Gombe:
Barista ya share fage. Bari in kawo shi gida, ɗana.

A nan muna da Sashen Harkokin Shari'a na Rundunar Sojan Ƙasa, da darakta a kansa. Shi ke ba Babban Hafsan Sojan Ƙasa shawara, shi ke duba kwangiloli da rigingimun filayen bariki, shi ke bin ƙararrakin da farar hula suka shigar da runduna. Ba ya zama ya yanke wa kowa hukunci. Jami'ansa ne ke bazuwa a shiyyoyi, kamar Runduna ta 3 da ke Jos, da birged-birged. Dokar da ake aiki da ita ita ce Dokar Rundunonin Soja, babi na A20 a kundin dokokin 2004, wadda asalinta dokar soja ce mai lamba 105 ta 1993.

Ga yadda shari'ar sojan Shadawanka za ta tafi. Kwamandansa ne zai fara bincike. In laifin ƙarami ne, kamar makara ko fita bariki ba izini, a ofis za a gama: a yanke masa albashi, ko a tsare shi a gadurum, ko a rage masa igiya. In babba ne, sai a tattara bayanan shaidu a rubuce, a tura sama. A nan lauyan runduna ke fara shiga, ya duba ko shaidar ta kai, ya gyara takardar tuhuma. Daga nan hafsan da doka ta ba iko ya sa hannu a takardar kafa kotu.

Kotun iri biyu ce a sashe na 129. Babbar tana da shugaba da mambobi aƙalla huɗu, ta musamman kuma shugaba da aƙalla biyu. Kowacce tana da mamba mai jiran ko-ta-kwana, da jami'in tuntuɓa, da lauyan kotu. Wannan lauyan kotun shi ɗalibai suka fi ruɗewa a kansa. Doka na son hafsa ne da ya yi aƙalla shekara uku da zama lauya. Aikinsa ya faɗa wa mambobi abin da doka ta ce, ya ba da shawara kan shaidar da za a karɓa da wadda za a ƙi, a ƙarshe ya taƙaita shari'ar a gaban kowa. Ba shi da ƙuri'a. Mambobi ke yanke hukunci da rinjaye, sai hukuncin kisa wanda dole bakinsu ya zo ɗaya.

Kuma hukuncin bai zauna ba sai hukumar da ke sama ta tabbatar da shi. Na kisa sai Shugaban Ƙasa ya amince. Bayan haka akwai Kotun Ɗaukaka Ƙara, kamar yadda sashe na 240 na tsarin mulkin 1999 ya tanada, har zuwa Kotun Ƙoli.

Inda shari'a ke lalacewa kusan wuri guda ne kullum: a saka wanda ya yi binciken cikin mambobi, ko a manta da tambayar wanda ake tuhuma ko yana da ja a kan wani mamba, ko lauyan kotu ya zarce gona da iri ya koma kamar mai gabatar da ƙara. Kowanne daga ciki ya isa a rushe aikin wata shida.

Barista_Hajara:
Ranka ya daɗe Manjo, bayaninka daidai ne, amma akwai gyambon da ba ka taɓa ba. Hafsan da ya kafa kotun shi ya amince da tuhumar, shi ya zaɓi mambobin, kuma galibi suna ƙarƙashinsa, ƙarin girmansu na bi ta teburinsa. Lauyan kotun ma mai kaki ne. Yaya kyaftin zai dubi janar ya ce masa wannan tuhuma ba ta da tushe?

Irin wannan tsari ne Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yi watsi da shi a shari'ar Findlay, wani soja da ya kai ƙarar Ingila, a 1997, ta ce kotun da mutum ɗaya ya kafa, ya cika ta da na ƙasa da shi, kuma ya tabbatar da hukuncinta, ba mai zaman kanta ba ce. Ingila ta soke muƙamin mai kafa kotu, ta ba alƙali farar hula ikon yanke batun doka, daga 2009 kuma ta kafa hukumar gabatar da ƙara da ba ta karɓar umarnin kwamanda. Mu da muka gaji tsarin a wurinsu har yanzu muna kan tsohon, alhali sashe na 36 na tsarin mulki bai cire soja daga haƙƙin samun shari'ar adalci ba.

Dubi 2014. A watan Satumba aka yanke wa sojoji 12 hukuncin kisa kan boren barikin Maimalari a Maiduguri, a Disamba aka yanke wa wasu 54 irin hukuncin a wata shari'ar daban. A Disamba 2015 runduna ta mayar da hukuncin mutum 66 zuwa ɗaurin shekara goma bayan sake nazari. Matakin sake duba takardu ne ya ceci rayukan nan, shi ya sa nake ganin ofishin da ke wannan aiki bai kamata ya zama mai jin tsoron kowa ba.

Manjo_Murabus_Gombe:
Hajiya, ban ƙi taki ba, sai dai a fagen daga ba a jiran alƙali ya taso daga Abuja. Kwamandan da ba ya iya ladabtarwa nan take ba zai riƙe runduna ba. Inda zan bi ki shi ne manyan laifuka masu ɗaurin shekaru ko kisa. Waɗannan a cire su daga hannunsa.

Habibu, ka ƙara wannan a rubutunka: sashe na 82 na ƙarin yarjejeniyar Janiba ta farko, ta 1977, ya wajabta wa ƙasashe su samar wa kwamandoji lauyoyin da za su ba su shawara kan dokar yaƙi. Ƙa'idojin buɗe wuta, tsare wanda aka kama, kwana nawa za a riƙe shi kafin a miƙa wa 'yan sanda, duk ta teburinsu ya kamata su bi. Ka nemi Dokar Rundunonin Soja ka karanta daga sashe na 115 zuwa wuraren 183, kana riƙe da tsarin mulki a ɗaya hannun.