Kundin Moanin' na Art Blakey a fayil mai bit 24: ya fi faifan CD kuwa?

Mai-Garmaho ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tun ina saurayi nake sauraren kundin Moanin' na makaɗin gangunan jazz Art Blakey da ƙungiyarsa ta Jazz Messengers, wanda aka naɗa wa kamfanin Blue Note ranar 30 ga Oktoba, 1958, kuma har yau babu wani kundin hard bop, wato wani salon kiɗan jazz, da nake yawan komawa gare shi kamarsa. Wanda yake hannuna shi ne faifan CD na 1999, wanda Rudy Van Gelder, injiniyan da ya naɗi kiɗan tun farko, ya sake tace sautinsa da kansa. Kwanan nan na ga ana sayar da kundin ta intanet a fayil mai bit 24 da kilohaz 192, ana ta cewa ya fi CD nesa ba kusa ba. Abin da nake son masana su warware mini shi ne, kiɗan da aka ɗauka a kan tef fiye da shekara sittin da suka wuce, me waɗannan manyan lambobi za su ƙara masa? Ina da ƙorafi biyu a kan faifan nawa: kugen Blakey, wato farantan ƙarfen da yake bugawa tare da ganguna, yana da kaifin da ke gajiyar da kunne idan na ƙara murya, fiyanon Bobby Timmons kuma sai ka ji kamar daga cikin akwati yake fitowa. Idan sabon fayil ɗin zai magance waɗannan, to zan saya ba tare da dogon tunani ba.

Injiniya Sule ya amsa:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ya kamata mu raba abubuwa biyu da masu talla suke haɗawa wuri ɗaya, wato girman mazubin da aka zuba sautin a ciki, da kuma hannun wanda ya zuba shi.

Faifan CD yana ɗaukar samfurin sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, wato kilohaz 44.1, abin da ke ba shi damar riƙe sauti har zuwa kilohaz 22, alhali kunnen yaro mai cikakkiyar lafiya ma a wajen kilohaz 20 yake tsayawa, kuma da shekaru suka ja sai iyakar ta yi ta sauka. Bit 16 na CD yana ba da tazarar kusan desibel 96 tsakanin sauti mafi rauni da mafi ƙarfi, bit 24 kuwa a lissafi ya kai 144. To amma tef na 1958, wanda aka yi amfani da shi shekaru kafin kamfanin Dolby ya fito da hanyarsa ta rage shuwar tef, ko kusa bai kai desibel 96 ba. Ke nan duk abin da ke kan wannan tef ɗin, har da shuwarsa, CD zai iya ɗauke shi ya bar fili. Bit 24 yana da amfani ƙwarai ga injiniya lokacin da yake aiki, domin yana ba shi sarari ya gyara ba tare da kurakuran lissafi sun taru ba, amma wannan buƙatar mai aiki ce.

Inda bambancin gaske yake shi ne wurin tacewa: wane tef aka ɗora, na asali ne ko kwafinsa, an daidaita kan injin da kyau ko kuwa, an ɗaga sautuka masu kaifi ko an bar su, an matse kiɗan don ya yi ƙara ko an bar shi ya numfasa. Masu sauraro da yawa sun daɗe suna cewa jerin faya-fayan da Van Gelder ya sake tacewa daga 1999 suna da haske da ƙara fiye da kima, don haka ƙorafinka a kan kuge ba kai kaɗai ke yin sa ba, kuma sabuwar tacewa za ta iya sassauta shi. Fiyanon kuwa kada ka sa rai sosai, domin haka Van Gelder yake ɗaukar fiyano a wancan zamani, a falon gidan iyayensa da ke Hackensack a jihar New Jersey, inda aka naɗi wannan kundi kafin ya koma Englewood Cliffs a 1959. Abin da makirfo bai kama ba ranar, babu lambar da za ta dawo da shi.

Hajiya Binta ta amsa:

Ban ja da lissafin Injiniya ba, amma ina ganin ya ɗan rage wa sabon fayil ɗin daraja. Ina da duka biyun, kuma na zauna na saurare su bi da bi. A waƙar farko, inda Timmons yake kira da fiyano su kuma masu busa, Lee Morgan da Benny Golson, suke amsawa da sauti biyu kamar masu cewa amin a majami'a, a fayil ɗin na ji ƙahonin nan biyu kowanne a mazauninsa, ba a cakuɗe ba. Da Morgan ya shigo da nasa busan, yaro ɗan shekara 20 a lokacin, yana danne maɓallin ƙahon rabi-rabi yana murɗa sautin kamar mai magana, sai na ji har iskar da ke gefen busan. Haka nan mirginen gangar da Blakey yake yi don miƙa fage daga mai busa zuwa mai busa, a fayil ɗin yana tasowa a hankali har ya cika ɗaki, a tsohon faifan kuwa tun daga farko yake da ƙarfi. Wanda yake son ya gwada da kyau ya saurari The Drum Thunder Suite, domin nan ne ganguna suka fi samun fili.

Na yarda cewa mai yiwuwa tacewar ce ta kawo wannan, ba kilohaz 192 ba. Amma ga mai saye, idan tacewa mai kyau a wannan mazubin kaɗai take samuwa, to dalilin sayensa ya wadatar. Shawarata ɗaya, Malam, kada ka rabu da faifanka na 1999, domin yana ɗauke da 'yar gajeriyar hirar Morgan da Van Gelder kafin a fara, da kuma wani ɗaukan na Moanin' daban, kuma ba kowace fitowa ce ke da su ba.

Dauda Bes ya amsa:

Kafin Malam ya saya, ya duba kayan sauraronsa. Idan ta Bluetooth sautin yake zuwa kunnensa, an riga an matse shi a hanya, kuma fayil mai bit 24 ba zai iso yadda yake ba. Ya kuma lura da girma, domin minti ɗaya na irin wannan fayil idan ba a matse ba yana kusa da megabait 69, na CD kuwa wajen 10 ne. Gwajin da ya dace shi ne a mayar da fayil ɗin kansa zuwa bit 16 da kilohaz 44.1, a daidaita ƙarar biyun daidai wa daida, sannan wani ya riƙa sauyawa ba tare da mai sauraro ya san wanne ke tafiya ba. Daidaita ƙarar wajibi ne, saboda kunne yakan ɗauki wanda ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau.

Mai-Garmaho ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na sayi fayil ɗin, na kuma yi gwajin da Malam Dauda ya kawo, ɗana yana sauyawa ni kuma na juya baya. Tsakanin fayil mai bit 24 da kwafinsa da muka mayar bit 16 na kasa bambancewa, ko da a kan Blues March da na haddace kowane bugunta. Amma tsakanin kowannensu da faifana na 1999 ban yi kuskure ko sau ɗaya ba: kugen ya yi laushi, kuma a Along Came Betty na bi bes ɗin Jymie Merritt daga farko har ƙarshe, abin da a da yakan ɓace mini a ƙarƙashin ganguna. Fiyanon yana nan a akwatinsa kamar yadda Injiniya ya faɗa. Yanzu abin da nake son sani shi ne ko akwai wanda ya saurari fitowar mono ta wannan kundi, domin a 1959 yawancin masu saye a lasifika ɗaya suka ji shi, kuma ina zargin fiyanon zai fi zama daidai idan duka kayan kiɗan suka taru a tsakiya.