Waya ko amfilifaya: wanne zan cika, wanne zan rage?

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum. Na sayi amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta gwanjo a Adum, na haɗa mata abu uku: dek ɗin kaset na marigayi Baba, na'urar CD, da wayata ta igiyar jak. In na sa kaset ɗin tafsiri, sai na murɗa maɓallin sauti ya kai tsakiya kafin a ji malam sosai. Da na juya zuwa CD ban rage ba, sai ɗakin ya ɗauka kamar gidan biki, Hajiya ta leƙo daga tsakar gida tana salati. Waya kuwa in na rage ta na ƙara amfilifaya, sai wani "shuuu" ya riƙa bin sautin. Masana, ina mafita?

Mai Gyara, Zongo Lane:
Wa alaikumus salam, Malam. Lafiyar amfilifayarka ƙalau. Na'urar CD tana fitar da kusan volt 2, dek ɗin kaset kuwa yawanci wajen rabin volt ne. Ninki huɗu ke nan, kimanin desibel 12 a ma'aunin ƙarfin sauti, shi ya firgita Hajiya.

Sautin wayar kuma ka kai shi kusa da ƙarshe, ka bar mataki ɗaya ko biyu, sauran aikin na maɓallin amfilifaya ne. Wannan "shuuu" ɗin yana nan kullum a waya da igiya. In ka rage waya, karatun ne ke raguwa, shi ba ya raguwa, amfilifaya kuma ta ɗaga su tare. Ka kashe ƙarin bas ɗin cikin wayar ma. In ka cika sauti da shi, muryar fashewa take yi, kuma abin da ke ƙona ƙananan sifikun sama ke nan. Su muka fi canzawa a shago.

Injiniya Nima:
An ce mana duk desibel 6 da aka rage ta waya ko kwamfuta, an zubar da bit ɗaya daga cikin 16 na CD, wato lambobin da ke riƙe da ingancin sautin. Gaskiya ne a lissafi. Amma yawancin na'urorin yanzu da bit 24 ko 32 suke aiki a ciki, rage kaɗan ba kunnen da zai kama. Kada ka sa wa kanka damuwa.

Mai Gyara, Zongo Lane:
Haka ne, Injiniya, amma shi surutun igiya ne ya dame shi, ba bit ba. Malam, maganin CD ɗinka ƙaramin abin rage ƙarfi ne na desibel 12 da ake maƙalawa a bakin RCA, wato ramin da igiyar CD ke shiga amfilifaya. Mai gyara zai haɗa maka da resisto (ɗan abin rage ƙarfin lantarki) biyu a kowane gefe. In an yi dumsor kuma, wato an ɗauke wuta, ka kashe amfilifaya kafin wuta ta dawo.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Allah ya saka da alheri. "Shuuu" ya ɓace. Saura abu ɗaya: in maɓallin yana can ƙasa, sifikar hagu ta fi ta dama ƙara. Shi ma resiston zai magance, ko maɓallin ne ya tsufa?